Tarihin Dafa Ƙaƙƙarfar Giya a Gida a Ƙasar Ingila: Daga Tukunyar Uwargida zuwa Gwangwanin Kanti

1. Gabatarwa

A cikin shekara ta 1978 wani injiniyan lantarki ɗan ƙasar Ingila, mai suna Dave Line, ya fitar da wani ƙaramin littafi da ya kira Brewing Beers Like Those You Buy, watau yadda mutum zai dafa giya irin wadda yake saye. A ciki ya jera bayani sama da 100, kowane da sunan giyar kamfanin da ake son kwaikwaya, da nauyin kayan da za a zuba, da yawan ruwa, da tsawon lokacin dahuwa. Shekaru 600 kafin wannan littafi, matan ƙauyukan Ingila suna dafa giya a gidajensu ba tare da rubutu ko ma'auni ba, ƴa tana koya daga uwarta kamar yadda take koyon sauran girki. Tambayar da wannan ɗan bincike zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: yaya aka yi sana'ar ta bar gida har aka manta da ita, kuma da wace kama ta dawo?

Abin da muke son nunawa shi ne, haraji da awo su ne suka fitar da sana'ar daga gida, kuma su ɗin ne dai suka buɗe mata hanyar komawa. Sai dai abin da ya koma ba duka ne abin da ya fita ba, kuma a wajen ƙaƙƙarfar giya ne wannan giɓi ya fi bayyana.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa burkutu da dawa a ƙasar Hausa ya san matakin farko: a jiƙa hatsi, a bar shi ya tsira, a shanya, a ɓarza. Haka mutanen Ingila suke yi da sha'ir, don haka za mu kira wannan hatsi tsiro. Idan aka kwaɓa tsiro da ruwan zafi na kimanin digiri 65, garin da ke cikinsa yana juyewa ya zama sukari; ruwan da aka tace daga nan za mu kira shi ruwan tsiro. Ana tafasa shi tare da furen wata shuka mai yaɗo da ake ce wa hof, wadda ke ba shi ɗaci da ƙanshi, kuma tana hana shi saurin lalacewa. In ya huce sai a zuba yis, wanda ke cinye sukarin ya mai da shi sinadarin maye da iska. Irin giyar da mutanen Ingila suka gada, wadda yis ɗinta ke aiki a ɗumin digiri 18 zuwa 20, suna kiranta el. Idan muka ce ƙaƙƙarfar giya, muna nufin el wadda sinadarin mayenta ya tashi daga wajen kashi 5,5 cikin 100 har zuwa kashi 12.

3. Zamanin da giya take aikin mata

A ƙarni na 13 da na 14, dafa el aikin gida ne, kuma galibi aikin mata. Da yake ba a sa mata hof a lokacin, takan yi tsami cikin ƴan kwanaki, saboda haka kaɗan-kaɗan ake dafawa, abin da ya yi saura a sayar wa maƙwabta. Hukuma ta sa ido a kan wannan ciniki tun da wuri. Wajen shekara ta 1266 aka kafa dokar da ta ɗaure kuɗin burodi da na el da kuɗin hatsi, kuma garuruwa suka riƙa naɗa masu ɗanɗanawa don su tabbatar da ingancin abin da ake sayarwa. A lura da wannan: ma'aunin hukuma a wancan zamani harshen mutum ne.

Daga wajen shekara ta 1400 giya mai hof ta fara shigowa daga ƙasashen Holan da Falanda, kuma a ƙarni na 16 aka soma noman hof a yankin Kent. Giya mai hof tana jimre ajiya da tafiya, saboda haka ana iya dafa ta da yawa a kai ta nesa. Wannan kuwa yana bukatar manyan tukwane da jari da bashi, abubuwan da doka da al'adar lokacin ba su sauƙaƙa wa mata ba. Masaniyar tarihi Judith Bennett, a littafinta na 1996, ta bi diddigin yadda aka ture mata daga cinikin tsakanin 1300 da 1600, ya koma hannun maza masu ƙungiyoyin sana'a.

Amma dafawa don shan gida ba ta mutu ba. A manyan gidajen masu ƙasa, har zuwa ƙarni na 19, akwai ɗakin dafa giya na musamman. Daga tsiro guda sukan tace ruwa sau biyu ko uku: na farko mai kauri shi ke zama ƙaƙƙarfar giya, na ƙarshe mai tsinkewa shi ne abin shan yau da kullum na barori. A watan Oktoba, bayan an girbe sabon sha'ir da sabon hof, ake dafa mafi ƙarfi, a ajiye shi a ganga shekara ɗaya ko fiye. Wasu gidajen sukan dafa ranar da aka haifi magaji, ba za a buɗe gangar ba sai ya cika shekara 21. Ke nan ƙaƙƙarfar giya, tun asalinta, alama ce ta wadata, domin tana cin hatsi mai yawa kuma tana cin lokaci.

4. Haraji da ma'auni

A shekara ta 1643, cikin yaƙin basasa, majalisar dokokin Ingila ta aza haraji a kan giyar sayarwa, sa'an nan a 1697 aka aza wani a kan tsiro. Mai dafawa don gidansa ba ya biyan na farko, na biyu kawai ke hawansa. Wannan tsari ya yi wa mai hali daɗi, tun da yana da ɗaki da tukwane. Talakan birni kuwa, wanda ba shi da fili ko itace, sai ya saya a mashaya ya biya haraji biyu. Ko da marubuci William Cobbett ya fitar da littafinsa Cottage Economy a 1821 zuwa 1822, yana kira ga ƴan ƙwadagon karkara su koma dafa tasu su bar shayi, al'adar ta riga ta yi rauni a tsakaninsu.

A daidai wannan zamani kamfanoni suka samu kayan aiki guda biyu da suka sauya sana'ar. Na farko ma'aunin zafi ne, wanda Michael Combrune ya yi rubutu a kan amfaninsa a tsakiyar ƙarni na 18. Na biyu ma'aunin nauyin ruwa ne, wanda John Richardson ya bayyana a 1784. Aikinsa mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa zalla tana da nauyin giram 1000. Idan sukari ya narke a ciki, nauyin sai ya ƙaru. Ruwan tsiro mai lamba 1057 yana nufin litarsa ta kai giram 1057. Wannan lamba, da za mu kira nauyin farko, ita ke nuna iyakar ƙarfin da giyar za ta iya kaiwa. In an sake awo bayan yis ya gama aiki, sai a ɗebe lamba ta biyu daga ta farko, a raba da 7,5, a samu kimanin kashin sinadarin maye. Misali, abin da ya fara a 1060 ya tsaya a 1012 zai ba da wajen kashi 6,4 cikin 100.

Kimiyyar yis ta biyo baya. Louis Pasteur ya buga bincikensa a kan giya a 1876, kuma a 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Danmak, ya ware irin yis guda ɗaya tsantsa ya raya shi. Masu sana'a kuma suka gane cewa sirrin giyar garin Burton yana cikin ruwan rijiyoyinsa mai yawan ma'adinin jibsam, har aka fara zuba wannan ma'adini cikin ruwan wasu garuruwa don a kwaikwayi na Burton. Kwaikwayon ɗanɗanon wani, ashe, kamfanoni ne suka fara shi tun kafin masu gida.

A 1880 William Gladstone ya soke harajin tsiro, ya mai da shi kan ruwan tsiro gwargwadon nauyinsa na farko: sule 6 da kwabo 3 a kan kowace ganga mai lamba 1057. Daga ranar nan ƙarfin giya ya zama lambar da ma'aikacin haraji ke rubutawa a littafi. Dokar ta kuma wajabta wa mai dafawa a gida ya yanki lasin, ko da an yafe wa masu ƙananan gidaje harajin kansa. Kuɗin lasin ba shi da yawa, amma zuwa ofis da cika takarda da yiwuwar bincike sun isa su sa yawancin mutane su haƙura.

5. Yadda ƙarfi ya ragu, zaɓi ya ƙuntata

Tun da haraji yana bin nauyin farko, duk lokacin da gwamnati ta matsu, ƙaƙƙarfar giya ce ke fara shan wuya. Kafin yaƙin duniya na farko matsakaicin nauyi ya haura 1050. A 1918, don tsimin hatsi, gwamnati ta ƙayyade shi a 1030 a Ingila, kuma bayan yaƙin bai sake komawa inda yake a da ba. Giya mai ƙarfi ta zama abin sha na hunturu, a ƙananan kwalabe, da tsada. Wasu sunaye dai sun tsira, kamar Old Tom na kamfanin Robinson a Stockport, mai kashi 8,5, da Old Peculier na kamfanin Theakston a garin Masham, mai kashi 5,6.

Bayan yaƙin duniya na biyu manyan kamfanoni suka shiga haɗiye ƙanana. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 guda shida ne suka mamaye kasuwa, kuma binciken hukuma na 1989 ya samu kashi 75 cikin 100 na giyar ƙasar daga gare su take fitowa. Kamfanin da aka saye sau da yawa akan rufe shi, giyarsa ta ɓace ko a mai da dafa ta wani gari. A madadinta aka cika mashaya da giyar da aka tace, aka kashe yis ɗinta da zafi, aka ɗura mata iska. Rashin jin daɗin wannan hali shi ya haifi ƙungiyar masu sha ta CAMRA a 1971. Da yake kamfanoni ba sa bayyana nauyin giyarsu, a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta sa aka auna ta buga lambobin a littafinta na shekara-shekara. Lambar da aka ƙirƙira don mai karɓar haraji ta faɗa hannun jama'a ke nan.

6. Shekara ta 1963 da zuwan gwangwani

A kasafin kuɗin 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasin na dafa giya a gida. Sharaɗin da ya rage, wanda har yanzu yana nan, shi ne ba a sayar da ita. A wannan shekarar C. J. J. Berry, editan mujallar Amateur Winemaker, ya fitar da littafi a kan giyar gida. Amma shekaru 83 sun wuce tun 1880, tsarar da ta san aikin da hannu ta ƙare, kuma babu uwar da za ta koya wa ƴarta. Sababbin masu dafawa, waɗanda yawancinsu maza ne ma'aikata, sai suka dogara da takarda da kanti.

Abin da kanti ya ba su shi ne maɗin tsiro. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni irin su Edme, sa'an nan Muntons da aka kafa a 1921, suke ƙafar da ruwan tsiro har ya yi kauri kamar maɗi, suna sayar wa masu burodi da masu magani. Bayan 1963 sai aka riƙa tafasa shi da hof tun a masana'anta, a ɗura a gwangwani, a haɗa da ƴar fakitin busasshen yis da takardar bayani. Wannan shi ne ƙunshin dafa giya. A shekarun 1970 har a kantunan magani na Boots ana samunsa. Aikin mai saye bai wuce ya juye gwangwani mai kilo 1,5 zuwa 1,8 a bokiti, ya ƙara kilo ɗaya na sukari, ya cika ruwa zuwa lita 23, ya barbaɗa yis, ya jira mako ɗaya ko biyu kafin ya ɗura a kwalabe.

Arha ce ta fara jawo mutane, domin babu harajin giya a kan gwangwanin maɗi. Amma ba a daɗe ba wasu suka so abin da ya wuce arha: suna son ɗanɗanon wata giya takamaimai da suka sani, wadda ta yi tsada, ko ta yi nisa, ko aka daina yin ta. Ga waɗannan mutane Dave Line ya rubuta littafinsa na 1978. Kayan da ake samu a lokacin ba su da yawa, har a wasu bayanansa yakan sa ƙwayar sakarin don a samu zaƙin da yis ba zai cinye ba. A 1993 Graham Wheeler da Roger Protz suka fitar da nasu littafin, wanda ya dogara da bayanan kayan haɗi da aka tattaro daga kamfanonin kansu. Daga baya wasu ƙananan kamfanoni, kamar Woodforde's na yankin Norfolk, suka yarda a sayar da ƙunshi da sunan giyarsu, gwangwani biyu masu kilo 3 ba tare da ƙarin sukari ba.

Wasu ƙasashe sun bi sahu. Ostareliya ta sassauta dokarta a 1973. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta dafawar gida daga 1979, ko da yake jihohin Alabama da Misisipi ba su yarda ba sai 2013.

7. Abin da gwangwani ke iyawa da abin da ya gagare shi

A nan ne ya kamata mu dakata, domin ƙaƙƙarfar giya ita ce jarrabawar ƙunshi. Kilo ɗaya na maɗin tsiro yana ba da kimanin maki 300 in an narka shi a lita ɗaya, kilo ɗaya na sukari kuwa wajen 385. Saboda haka gwangwani mai kilo 1,8 da kilo ɗaya na sukari a lita 23 suna ba da nauyin farko na wajen 1040, watau giya ta yau da kullum. Mai son 1060 yana da hanya uku, kuma kowace da kuɗinta.

Hanya ta farko ita ce ƙara sukari. Ita ce mafi arha, kuma ita ce ta ɓata sunan giyar gida a shekarun 1970, domin yis yana cinye farin sukari kaf, sai a samu maye ba kauri, ba ɗanɗanon hatsi. Hanya ta biyu ita ce rage ruwa: kilo 3 na maɗi a lita 15 suna kai 1060. Amma da yake an riga an dafa hof cikin maɗin, ɗaci ma yana ƙaruwa daidai da yadda ruwan ya ragu, ko ana so ko ba a so. Hanya ta uku ita ce ƙara maɗi marar hof, wajen kilo 4,5 gaba ɗaya a lita 23, sa'an nan a jiƙa ɗan soyayyen tsiro a ruwan zafi don launi da ɗanɗanon ƙuna, a tafasa ɗan hof dabam don ƙanshi. Wannan ta fi kusa da manufa, amma mai yin ta ya riga ya fara barin ƙunshi ya koma sana'ar kanta.

Ko an daidaita lamba, akwai abubuwan da aka yanke hukuncinsu tun a masana'antar maɗi. Zafin da aka kwaɓa tsiro da shi shi ke ƙayyade yawan sukarin da yis ba zai iya ci ba, wanda shi ne kaurin giya a baki. Mai gwangwani ba shi da iko a kan wannan. Ruwan da aka yi maɗin da shi ya bar ma'adinansa a ciki. Ƙafarwar kanta, da daɗewa a kan kanta, suna duhunta launi.

Babban abin da ya rage shi ne yis. Kowane tsohon kamfani yana da irin nasa da ya raya shekaru da yawa, kuma kaso mai yawa na ƙanshin ƙaƙƙarfar giya daga gare shi yake fitowa. Ƴar fakitin da ke cikin ƙunshi an auna ta ne don giya marar ƙarfi. A ruwa mai yawan sukari takan gaji ta tsaya kafin aiki ya ƙare. Masu dafawar gida sun gano wata dabara: wasu giyoyin kwalba, kamar yadda Worthington White Shield take a da, suna ɗauke da yis mai rai a gindinsu, sai su tsiyaye giyar su raya guntun da ruwan tsiro. Duk da haka wasu kamfanoni da wani yis dabam suke ɗura kwalba, ba wanda suka dafa da shi ba. Siffar mazubin da ake tsima giyar ma tana da tasiri, kamar manyan kwatarniyoyin dutse masu kusurwa huɗu na Yorkshire, ko jerin gangunan Burton da kamfanin Marston's ya daina aiki da su a 2024. Bokitin roba ba ya maye gurbin waɗannan. A ƙarshe akwai lokaci: takardar ƙunshi tana alkawarin makonni, ƙaƙƙarfar giya kuwa watanni take nema.

8. Kammalawa

Mun ga sana'ar da ta fara a hannun mata ba rubutu, ta koma hannun kamfanoni da ma'auni, sa'an nan ta dawo gida a cikin gwangwani da littafi. Abin da aka iya mayarwa lamba, watau nauyi da zafi da lokaci, ya yi tafiyar lafiya. Abin da ke rayuwa a wuri guda, watau yis da ruwa da mazubi da sabon hannu, shi ne ya maƙale a hanya. Don haka kwaikwayon gida yakan zo kusa, ba safai yake zama daidai ba.

Amma kusa ɗin ma tana da daraja, domin kamfanoni suna mutuwa. Kamfanin Eldridge Pope, wanda ya ƙirƙiro Thomas Hardy's Ale a 1968, ya daina yin ta a 1999, ta riƙa sauya hannu bayan haka. Masana'antar Gale's, mai giyar Prize Old Ale, an rufe ta a 2006. Tun shekarun 1970 wata ƙungiyar masu dafawar gida, Durden Park Beer Circle, ta shiga karanta tsofaffin littattafan aiki na kamfanoni tana sake dafa giyoyin ƙarni na 19. Waɗannan littattafai, da aka cika su da lambobi don lissafin riba da haraji, su ne suka ba da damar hakan. Giyar matan ƙarni na 14 kuwa, da ba wanda ya auna ta ko ya rubuta, mun san kuɗinta da tarar da aka ci masu ita daga takardun kotu, amma babu mai iya cewa ga yadda take a baki.